Memori a Shagon Walda

Laraba a Bolari, an ɗauke wuta tun hantsi.
Ƙofar Alhaji Manu na jingine da bango, rabinta a ɗinke,
ni da yarona Yila muna gadin injin da ya yi gum.
Sai ya zaro memori daga bayan waya,
ɗan mitsitsi kamar farcen jariri,
ya ce, Oga, sababbi ne fil, albam uku,
wai sunan kiɗan pank.
Na ce, sa mu ji, ai kunne ba ya cin kati.

Na farkon ko sallama bai yi ba.
Ya rikito kamar bandir ɗin kwano daga saman tirela.
Mai ganga na gudu, ka ce bashi ake bin sa,
jita na kukan dutsen yanka in ya ci rodi,
mai waƙar kuwa ba waƙa yake ba,
cacar baki yake da wani wanda ba ya wurin.
Minti biyu, ɗif.
Na ce, ta lalace ne? Ya ce, ta ƙare.
Goggo Daso mai awara ta leƙo da matsami a hannu:
Au, an kawo wuta ne?

Turancin ya fi ƙarfin firamarena,
amma muryar na san ta.
Ita ce ta kwana a ƙirjina
ranar da na kai taga shida Tumfure
aka ce in dawo ƙarshen wata,
na ce ba komai, ranka ya daɗe,
na tada babur ina yaƙe.
Shi wannan yaron ba a koya masa ba komai ba.

Na biyun ɗan ɗakinsu ne, sai dai ya sha wanka.
Hayaniyar na nan, amma an goge ta, an fesa fenti.
Yila ya ce yarinya ce ba ta ɗaga waya,
kuma gari ya yi wa mai waƙar kaɗan.
Na ce, wannan ai ko a Pantami ana yi.
Ban yarda da shi ba.
Fushin da ke ƙamshin turare,
na san ɗinkin da aka rufe da fila.
Sai ga shi amshin ya maƙale mini
kamar ƙarangiya a bakin wando,
har na kama guduma tana bin sa a kan benci.

Ta ukun mace ce, ita da jita kawai,
murya ƙasa-ƙasa, kamar akwai mai barci a ɗakin.
Ana jin yatsa na zamewa a kan tsirkiya,
ana jin numfashi,
kujera ma ta yi ƙara, ba su share ba.
Indi, in ji Yila, a ɗaki ake haɗa irinsa.
Wani Keke Napep ya wuce ya haɗiye rabin baiti.
Yila ya juya fuska wajen titi, ya daɗe.
Tun Ista bai leƙa Kaltungo ba.
Ban tambaye shi ba. Na miƙa masa awara.

Tana tsakiyar wata kalma wuta ta dawo,
yaran layi suka kwashe da ihu,
injin ya yi gyaran murya.

Kada a tambaye ni wanne ya fi.
Ƙarfe sai ya huce ake sanin ko ya kama,
ni kuwa ji ɗaya na yi, da cikin da bai ci rana ba.
Na dai ja baƙin gilashi kan ido,
na ɗauko ƙofar Alhaji, wanda ko kafin alƙalami bai bayar ba,
na ce, Yila, mai da na farkon nan,
ka ƙure murya.
Goggo Daso ta yi tsaki,
ta ja kaskonta zuwa gindin dalbejiya.